Ƙunshin da Na Kai Kano

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta gan ni a bakin famfo sai ta ce, "Zuwaira, yaya Kano?" Wanda ya zo sayen maganin tsutsar awaki sai ya jingina da kanta ya ce, "To, ba mu labari." Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji, kuma na lura duk inda na juya baya Kawu Maman, wanda ya raka ni, yana ƙara wa nasa ɓangaren gishiri. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. Na yi da Hausar littafi don ƙawayen da na samu a can su ma su karanta, amma maganar mutanenmu na bar ta yadda ta fito daga bakinsu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai riƙe da kwamfuta, wato ordinatar a bakinmu, a shagon maganin dabbobi na makiyaya a Malbaza. Abin da ya daɗe yana damuna a shagon shi ne sabbin malaman dabbobi da ake turo mana daga lakwal, wato makarantar boko. Sun san kowace cuta da Faransanci, makiyayi kuma ya san ta da Fillanci ko Hausa, sai ka ga mutum biyu tsaye a kan saniya ɗaya suna nuna wa juna yatsa. Sai na koyi rubuta manhaja a hankali, na haɗa wata ƴar ƙarama: ka taɓa hoton saniya ko alamar ciwo, ka ji sunan da Fillanci da Hausa, ka ga na Faransanci a rubuce. Hotunan ni na ɗauka. Muryar kuwa ta Baffa Juli ce, wani dattijon makiyayi da ke ruga kusa da Tajaye. Ya zauna da ni ƙarƙashin aduwa yana faɗa ina ɗauka, da muka gama ya ce, "Ki ba malaman dabbobi, su bar kashe muna shanu da jahilci."

Ana nan sai na ji wasu masu aikin sa kai za su taru a Kano. Suna tara manhajojin kyauta wuri ɗaya, suna kiran wurin rumbu, daga nan a zuba su cikin ƙananan na'urori a kai ƙauyukan da babu rezo, wato sabis ɗin waya, daga Nijar har Kamaru. Kowace manhaja ana ɗaure ta da kayanta a wuri guda, shi ake ce wa ƙunshi. Na tura nawa ina kunya. Sai amsa ta zo: sun so shi ƙwarai, amma akwai gyara, in zo a yi tare. Ranar ban san na ba wani mutum maganin kaska maimakon na zawo ba sai da ya dawo da shi.

Innata ta ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Sai ƙanenta, Kawu Maman, tsohon direban motar siminti, ya daki ƙirji. "Kano? Na san ta awa yunwar cikina. Ɗiyata, ki bar min komi."

Abu na farko da na bar masa shi ne mota. Ya ce don me za mu je tasha, ga abokinsa zai kai siminti Ƙonni. Aka sa ni gaba, shi kuma ya hau baya bisa buhuna, babbar rigarsa shuɗiya tana kaɗawa. Ashe buhu ɗaya ya fashe. Da muka sauka a Ƙonni na waiga neman kawuna, sai na ga wani tsoho fari fat tun daga hula har gira yana min murmushi. Sai da ya yi magana na gane shi. Mun kakkaɓe shi iya ƙarfinmu, amma siminti ba ya jin kakkaɓa.

Daga nan kabu-kabu ya kai mu iyaka. Jami'in da ya karɓi katin Kawu ya dubi hoton, ya dubi Kawu, ya sake duban hoton.

"Baba, wannan ɗanka ne?"

"Ni na! Yau da sahe ma haka nike."

A ɓangaren Najeriya wata jami'a mai fara'a ce ta tambaye ni abin da zai kai ni Kano. Na ce, "Ƙunshi zan kai." Ta kama hannuna ta juya shi, ta leƙa ƙafata, babu ko ɗigon lalle.

"Ƙunshi? Tun daga Nijar? Ƴar'uwa, mu ma fa muna da lalle."

Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na fito da salula na taɓa hoton wata ramammiyar saniya. Muryar Baffa Juli ta cika ofishin: "Sammore!" Kowa ya zabura. Wani jami'i da mahaifinsa ke da shanu ya karɓi wayar ya yi ta taɓawa yana maimaitawa, sai da mutanen da ke bayanmu suka fara gunaguni ya miƙo min ita, yana cewa Allah ya kai mu lafiya.

Muna shiga gari Inna ta kira. "Kuna ina?" Na ce Illela. Ta yi salati. "Illela? Maman ya ɓad da ke tun yanzu? Kano arewa take?" Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ban da tamu Illelar ta arewa, ƴan Najeriya ma suna da tasu, kuma ita ce a bakin iyaka.

A Sakkwato muka kwana, gidan wani tsohon abokin Kawu. Nan ban ji baƙunta ba, don maganarsu tamu ce sak. Matar gidan ta cika mu da tuwon shinkafa da miyar taushe. Abin da ya fara nuna min na bar gida shi ne karin safe. Burodinsu ba dogo mai ƙamas-ƙamas irin namu ba ne, wani lausassan abu ne mai zaƙi kamar matashin kai. Shayi kuma ba a ƴan ƙananan kofuna ba, a wani ƙaton kofi aka kawo shi, fari da madara. Kawu ya leƙa ciki ya ce, "Wanga na sha ne ko na alwala?" Amma ya shanye ya nemi ƙari.

Har Sakkwato, Kawu bai bar kowa ya yi magana ba. Kowace kwana ya san ta, kowane gari yana da aboki. Muna barin Sakkwato sai ya yi tsit. Da muka shiga Gusau ya taɓa kafaɗar direba a hankali ya ce, "Nan ne Kano?" Motar ta ɗauki dariya. Na dube shi.

"Kawu, ba ka taɓa zuwa ba ke nan?"

Ya gyara hula. "Na san ta ga labari. Labari ma ai sani na."

Kano kuwa, jama'a, abin da ake faɗa kaɗan ne. Hanya bisa hanya, mota ƙarƙashin mota, ga ƴan kekunan nan masu ƙafa uku da suke ce wa adaidaita sahu suna kutsawa ko'ina kamar tururuwa ta ga sukari. Mun shiga ɗaya, Kawu ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya sani, shi da ya yi shekaru yana tuƙa tirela. Fura ma da inji suke dama ta, su sa ƙanƙara, su ba ka a roba ka sha a tsaye. A wurinmu fura abincin yini ce, a can kayan marmari ce. Kuma duk inda na buɗe baki na ce "mun tahi" ko "mi kac ce", sai a yi murmushi a ce, "Basakkwata ce." In na ce a'a, daga Nijar nake, sai a ƙara min nama.

An sauke ni a ɗakin baƙi mata kusa da zauren taron, Kawu kuma a na maza. Na fito da abin cajin kwamfutata mai ƙafa biyu zagayayyu, na nufi bango, sai na tarar da rami uku masu kusurwa suna kallona. Na juya shi ta ko'ina, ya ƙi shiga. Kafin safiya kwamfutata ta mutu murus.

Wadda ke duba ƙunshin kowa kafin ya shiga rumbu wata Bakanuwa ce, Anti Maimuna, doguwa mai tabarau da dariya a kusa. Ta ara min tata kwamfutar ta ce in rubuta sunana a jerin mahalarta, ana haska shi a bango kowa na gani. Na rubuta ba tare da na kalli yatsuna ba, yadda na saba. Da na ɗaga kai sai na ga: Wuzqirq. Ashe haruffansu ba a inda namu na Faransanci suke zaune ba. Har aka tashi taron, Wuzqirq ake kirana, kuma ina amsawa.

Sai aka zo kan gyaran da ya kawo ni. Anti Maimuna ta buɗe wani ɗan guntun rubutu da ke kan kowane ƙunshi. Ta ce, "Ke ƴar garin siminti ce. Me ake rubutawa a jikin buhu?" Na ce sunansa, da nauyinsa, da inda aka yi shi. Ta ce, "To wannan shi ne jikin buhun manhaja. Suna, mai ita, fitowa ta nawa, sai layin lasisi, wato abin da aka yarda mutum ya yi da ita. Mu ga abin da kika sa."

Ta haska nawa layin a bango. Na rubuta: Sadaka ce, kowa ya ɗauka, Allah ya ba da lada.

Zauren gaba ɗaya ya amsa, "Amin!" Na rufe fuska da mayafi ina dariya.

Da aka lafa ta ce, "Wallahi ban taɓa ganin lasisi mai daɗin wannan ba. Amma na'ura ce ke karanta layin nan, ba mutum ba, kuma ba ta san lada ba. Akwai jerin gajerun sunaye da aka yi ittifaƙi a kansu a duniya, kowane suna yana nufin sharuɗɗa sanannu. In kin sa ɗaya daga ciki, harafi da harafi, wanda ke Garwa da wanda ke Agadas duk sun san matsayinsu ba sai sun neme ki ba. Sadakarki kuwa, zan iya canza ta? Zan iya sayarwa? Dole in ambaci sunanki? Ba ki faɗa ba."

Gaskiyarta, ban taɓa tunanin ko ɗaya ba. Ta nuna min na wasu don in gani. A ɗaya na hango kalmar OR da manyan baƙaƙe tsakanin sunaye biyu. Mu da muka yi lakwal, wannan kalmar zinariya take nufi da Faransanci. Na ce a raina ashe lasisi ma aji-aji ne. Na ɗaga hannu na ce, "Ni ma irin na zinariyar nan nake so, in ba shi da tsada." Wani ɗan Kamaru da ya gane abin da ya faru ya faɗo daga kujera don dariya. Ashe da Ingilishi "ko" take nufi: ka zaɓi wannan ko wancan. Ƴar'uwarta AND kuma "da" ce: duka biyun sun hau kanka.

Lasisin rubutun manhajar bai ba ni wuya ba, tunda nawa ne. Na zaɓi wanda ya ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba, amma in ya raba ya bar ƙofa a buɗe yadda ya same ta. Ina murna na gama, sai Anti Maimuna ta taɓa hoton wata saniya, Baffa ya yi magana.

"Wannan muryar ta wane ne?"

"Ta Baffa Juli."

"Me ya ce a yi da ita?"

"Ya ce in ba malaman dabbobi."

Ta cire tabarau. "Malaman dabbobi ba su ne kowa ba, Zuwaira. Abin da ya shiga rumbun nan, duk duniya na iya ɗauka ta yi abin da ta so da shi. Ba ke za ki sa wa muryarsa lasisi ba, shi zai sa. Kuma gobe bayan la'asar muke rufewa."

Baffa ba ya riƙe waya. Sa'ar da na yi, washegari ranar kasuwar Tajaye ce. Na kira Ramatu, abokiyar aikina a shago, ta hau babur da sassafe ta same shi a wajen masu shanu, ta kara masa salula a kunne. Muka gaisa, na tambayi ruga, ya tambayi hanya. Sannan na yi masa bayani dalla-dalla, ban ɓoye komai ba.

Ya ce, "Wanda ban sani ba shina iya ɗauka?"

"Eh, Baffa."

"Shi ɗauka. Shi sai da ma, in ya samu mai saye. Abu guda: kada a sa muryata cikin kiɗa. Na ji yara na yin haka ga salula, su ɗauki maganar dattijo su aza mata ganga."

Na rufe wayar da hannu na tambayi Anti Maimuna. Ta girgiza kai. Ta ce ana iya rubuta sharaɗinsa a ba shi suna na daban, kuma hakkinsa ne, amma wannan rumbun ba ya karɓar abin da aka ce a yi kaza da shi ban da kaza. Na gaya wa Baffa. Ina jin kukan shanu a bayansa ya amsa.

"Zuwaira, da muryag ga nika kiran salla ga ruga. Ba ta shiga ganga. Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Na ce, "Ka yi daidai, Baffa." Kuma har zuciyata haka na gani. Amma da na fita waje sai hawaye suka zo. Manhajata ba murya, hotunan shanu ne kawai, kuma mutanen da na yi ta dominsu yawancinsu ba karatu suke yi ba. Kawu ya sayo gurasa da ƙuli ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Bari kuka. A ɗauki tawa muryar, a sa mata har kalangu." Na tambaye shi Fillancin da ya iya. Ya yi tunani ya ce, "Kosam." Wato nono. Na yi dariya da gurasa a baki har na ƙware.

Muna nan sai ga kiran Ramatu. Ina ɗauka na ji wata murya mai kaifi da ba tata ba.

"Ke ɗiyar Malbaza! Mi ag ga muryar Juli da babu ga tawa? Ni na goye shi. Sunayen nan duka ga bakina ya ji su."

Goggo Habbi ce, yayar Baffa, mai sayar da nono a kasuwar. Ashe tana gefe da ƙwaryarta ta ji komai. Na ce, "Goggo, tsaya ki ji sharaɗin tukuna." Na faɗa mata duka: za a iya sayarwa, za a iya canzawa, za a iya sa kiɗa.

"In sun sa kiɗa su aiko min in taka. Amma a hwaɗi sunana. Habbi. Kuma wanda ya ƙara wani abu bisa nawa, kada shi ɓoye, shi bari kowa shi ɗiba."

Na maimaita wa Anti Maimuna. Ta tafa hannu ta ce, "Akwai shi a jerin! Daidai wannan!"

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Ramatu tana nuna hoto, Goggo tana faɗar suna, a turo min saƙon murya. Rezon Tajaye kuwa sai an lallashe shi, don haka Ramatu ta hau kan amalanken wani mutum tana ɗaga waya sama bayan kowane saƙo. Cikin saƙonnin akwai kukan jaki, akwai mai tallan goro, akwai inda Goggo ta ce "harbin daji", sunan wata cutar shanu, sannan ta juya ta ce wa wani, "Kai, aje ludayin nan in ba saye kaka yi ba." A zaure kuma mutane suka bar nasu aikin suka rufu a kan nawa. Wannan yana yanke hayaniya, wancan yana jera sunaye, ɗan Kamarun nan yana saurare yana gyaɗa kai. Kawu ya naɗa kansa mai shela, duk saƙon da ya shigo sai ya miƙe ya ce, "Ga wata saniya ta iso!" Muka sa Goggo ta faɗi yardarta da bakinta, muka ajiye a cikin ƙunshin.

An kira la'asar muna kan na ƙarshe. Da muka idar da salla na zauna rubuta layin. Na tura wa na'urar, ta nuna ja. Anti Maimuna ta leƙo ta kafaɗata, sai ta fashe da dariya: tsakanin sunayen biyu na rubuta ET, ta Faransanci, maimakon AND. Na goge, na sake, ina kallon kowane yatsa:

GPL-3.0-or-later AND CC-BY-SA-4.0

Na farko na rubutuna, na biyu na hotuna da muryar Goggo. Na tura. Ta nuna kore.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, irin ta gidan biki, a gaban injiniyoyi. Matan Kano suka amsa min. Kawu ya shiga tsakiya yana juyi da babbar riga, kuma na rantse har lokacin ƙurar siminti na tashi daga jikinta.

Dawowa ba ta da labari, barci na yi ta yi. Na kai wa Baffa turare, na gaya masa muryarsa tana nan inda ya ce, wajen malaman dabbobinmu kaɗai. Ya ji daɗi, ya sa min albarka.

Bayan ƴan makonni, ina shago, sai sanarwa ta shigo cewa wani ya yi ƙari a kan ƙunshina. Wata mata ce daga can ƙasar Kamaru, ban san ta ba, ba ta san ni ba, ba ta kuma nemi izinin kowa ba don layin ya riga ya ba ta. Ta ƙara sunayen yadda ake faɗarsu a wajensu, da muryarta. A jikin buhun ga sunan Habbi a sama, nata a ƙasa, lasisin bai canza ba.

Ranar kasuwa na tafi Tajaye na sami Goggo a bakin ƙwaryarta. Na taɓa hoton wata saniya mai roɗi-roɗi, muryarta ta fito, ta gyaɗa kai. Na sake taɓawa, baƙuwar murya ta faɗi wani suna daban.

"A'a! Ba haka aka cewa ba! Wace ta wagga?"

Na gaya mata. Ta karɓi wayar ta kara a kunne, ta sa na maimaita, na sake maimaitawa. Mai sayen nono ya gaji da tsayuwa ya tafi, ba ta ko kalle shi ba. Can ta ce a hankali, "Haka kakarmu ka hwaɗin shi. Tun tana da rai rabona da jin shi."

Ta goge ido da bakin zane, ta miƙo min wayar.

"Ɗauki maganata ki aika mata. Ki ce Habbi ta Tajaye na gaishe ta. Ki tambaye ta su wane ne dangin uwarta."